Yadda karatu ta intanet da kafofin sada zumunta ke shafar ɗalibai a Ƙaraye da Rogo

Tun daga shekarar 2015 hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, JAMB, ta ajiye takarda da fensir, ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Daga 2021 kuma ba a yin rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN da layin waya.

Ma'anar wannan ga ɗalibin da ke ƙauyukan Ƙaraye da Rogo, ƙananan hukumomi biyu da ke yammacin Jihar Kano, ita ce dole ya zauna gaban na'ura kafin ya shiga jami'a, ko akwai ta a makarantarsu ko babu. Wayar da zai yi shiri da ita kuwa, ita ce dai ke ɗauke da TikTok da Facebook da WhatsApp.

Yadda lamarin ya faro

A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu a faɗin Najeriya saboda annobar korona, aka shafe watanni yara suna gida. Gwamnatin Kano ta koma ga darussa ta rediyo da talabijin, yayin da wasu makarantun kuɗi a birni suka riƙa tura darasi ta WhatsApp. A karkara rediyo ce ta fi isa ga jama'a, sai dai ɗalibi ba ya iya ɗaga hannu ya tambayi rediyo abin da ya shige masa duhu.

A watan Maris na 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da asusun UNICEF suka ƙaddamar da dandalin karatu na Nigeria Learning Passport, wanda ba a biyan kuɗin shiga, kuma yana da darussa da Hausa baya ga Turanci.

Amfanin da ke ciki

Ɗalibin da makarantarsu ba ta da malamin lissafi ko ɗakin gwaje-gwajen kimiyya zai iya kallon darasin a waya, ya maimaita shi sau goma ba tare da wani ya gaji da shi ba. Akwai manhajojin da ke ɗauke da tambayoyin jarrabawar shekarun baya tare da agogo, waɗanda ke saba wa yaro da amsawa cikin ƙayyadadden lokaci. Malamai ma kan yi musayar tsarin darasi a zaurukan WhatsApp.

Wa ake bari a baya?

Karatu ta intanet yana buƙatar babbar waya da data da caji da sabis mai ƙarfi, kuma kowanne kuɗi ne. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince kamfanoni su ƙara farashin kira da data da kashi 50 cikin 100. Darasin bidiyo kuwa ya fi komai cin data.

Mafi yawan mutanen Ƙaraye da Rogo manoma ne, kuma kuɗi ya fi shigowa hannunsu da kaka. A gidan da waya ɗaya ce tak, tana aljihun maigida, ita ma tana gona ko kasuwa tare da shi. Idan za a saya wa yaro tasa, sau da yawa namiji ake fara saya wa, ƙanwarsa ta jira aro. Ga kuma batun harshe, domin galibin darussan sakandare da ke intanet da Turanci suke.

Illolin kafofin sada zumunta

An gina waɗannan manhajoji ne don su riƙe mai kallo, bidiyo na ƙarewa wani na farawa. Yaron da aka saya wa data don darasi yana iya cinye ta cikin dare, ya wayi gari yana gyangyaɗi a aji. Rahoton hukumar UNESCO na 2023 kan fasaha a fannin ilimi ya nuna cewa kasancewar waya kusa da ɗalibi kawai yana raba masa hankali, kuma kusan ƙasa ɗaya cikin huɗu ta taƙaita amfani da ita a makarantu. Ostireliya ta yi doka a ƙarshen 2024 da ke hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a manyan kafofin.

Sai satar amsa. Duk lokacin jarrabawa akan buɗe zauruka ana tallar amsoshi, wasu na bogi, a karɓe kuɗin ɗalibai. A ranar 28 ga Mayun 2025 ɗalibai a wasu jihohi sun rubuta jarrabawar Turanci ta WAEC cikin dare da hasken tocila, bayan jinkirin da hukumar ta danganta da ƙoƙarin daƙile fitar tambayoyi. Wanda aka kama da waya a zauren jarrabawa kuwa, sakamakonsa ne ke cikin haɗari.

Mene ne abin yi?

Ƙwace wayar baki ɗaya zai bar yaro ya fara koyon riƙe linzamin kwamfuta a ranar jarrabawa. Sakar masa ita ba ƙaidi kuma sakaci ne. Iyaye za su iya ƙayyade lokaci, su karɓi wayar kafin barci, su sa a sauke darussa sau ɗaya domin a riƙa kallo ba tare da data ba.

A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a Jihar Kano. Ga iyayen Ƙaraye da Rogo, ɗaya daga cikin ma'aunan wannan alƙawari shi ne ko makarantun sakandaren yankin za su samu ɗakin kwamfuta mai wutar sola da malamin da zai koyar a cikinsa, ta yadda ɗalibi zai saba da na'urar tun yana aji huɗu.