Idan Tsohuwar Mota Ta Mutu Ana Cikin Tafiya

Motar da ta ƙi tashi da safe ta fi sauƙin sha'ani a kan wadda ke mutuwa a tsakiyar hanya. Ta farko matsalarta na nan zaune tana jiran makaniki. Ta biyu kuwa, kafin a jawo ta gareji ta huce, ana murɗa makulli sai ta tashi garau kamar ba ita ba. Shi ya sa direba ne babban shaida, domin shi kaɗai ya ga yadda ta mutu.

Amma rai ne gaba. Da zarar inji ya ɗauke, sitiyari zai yi tauri, birki kuma bayan taku ɗaya ko biyu sai ya zama kamar dutse. Ba su daina aiki ba, ƙarfi kawai suke nema. A gangara gefen titi, kada kuma a zare makulli mota na gudu, don sitiyari na iya kullewa.

Injin fetur na rayuwa ne da iska da mai da wuta, kowanne a kan lokacinsa. Tambayar farko ita ce: sai da ta yi ta fizga kafin ta mutu, ko ɗif ta ɗauke?

Idan ta yi fizge-fizge, ana taka totur ba ta amsawa, musamman a hawan tudu, to yawanci yunwar mai ce. Tsohon tanki yana tsatsa, tsatsar ta toshe filta. Man da aka saya a galan kuma kan zo da ruwa, ruwa ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a ƙasan tanki, daidai inda ake zuƙo mai. Motoci masu kafireta, irin Fijo 504 da ta fito a Faransa a 1968, wadda masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta yi ta harhaɗawa, suna da wani ciwon na daban. A zafin bazara, cikin cunkoso, fetur kan tafasa ya zama tururi a cikin bututu, famfon mai kuwa ba ya iya tura tururi. Tsofaffin direbobi da ke ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfon ba camfi suke yi ba, sanyaya shi suke. Akwai kuma ƙaramar kafar da iska ke shiga tanki. In ta toshe, mai ba zai fita ba. Ka buɗe murfi ka ji iska ta shige fuu, motar ta tashi, to ka kama ɓarawon.

A motoci masu nozul, famfon na lantarki ne, galibi a cikin tanki yake, kuma man ne ke sanyaya shi. Mai yawo kullum da ɗan mai a gindin tanki yana gasa famfonsa ne. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka kasa kunne: lafiyayyen famfo zai yi gurnani na kamar daƙiƙa biyu.

Idan kuwa ɗif ta ɗauke kamar an kashe fitila, a nemi wuta. Koyil da na'urar da ke ƙirga juyawar inji sukan gaza idan sun ɗau zafi, su dawo aiki bayan sun huce. A nan ne masu mota suka fi asara, a ganina, domin ana gwaji bayan ciwon ya ɓuya, sai a shiga canza kaya da ka. Lokacin gwaji shi ne sa'ad da take mace: a ga ko filogi na ba da tartsatsi, nesa da fetur. In fitilun gaban direba ma sun ɗauke tare da injin, musamman bayan faɗawa rami, a duba kan batir, da wayar da ta haɗa shi da jikin mota, da mazaunin makulli.

Altaneta mutuwar sannu take jawowa: fitilu su dushe, alamar batir ta kama. Cikakken batir na nuna bolt 12.6, inji na aiki kuma ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5. Al'adar cire kan batir inji na aiki wai don gwaji tana iya ƙona ƙwaƙwalwar mota.

Wadda ke mutuwa idan an sassauta gudu kawai, a fara da tiyon iska da ya tsage ko datti a maƙogwaron inji.

Motocin Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, suna da gurbin saka kwamfutar bincike. Lamba irin P0335 tana nuna layin na'urar ƙirga juyawa ne, ba lallai na'urar kanta ba. Wataƙila waya ce ta goge.

Wuri biyu ne ba a sake taɓa makulli. Idan allurar zafi ta hau ja ko fitilar man inji ta kama kafin mutuwar, a bar ta. Haka nan idan aka murɗa aka ji inji na juyawa sakayau da sauri, ba nauyi, mai yiwuwa bel ɗin taimin ne ya tsinke, kuma a injuna da yawa kowace murɗawa na ƙara lanƙwasa bawul. Wannan sai igiyar ja.