Keke Mai Babbar Ƙafa

Dukanmu mun san keke. Da shi muke zuwa kasuwa, da shi muke zuwa gona. Amma keken dā ba haka yake ba.

Wajen shekara ta 1870 aka soma ƙera wani irin keke a Faransa da Ingila. Wani gwani, James Starley, ya yi suna wajen ƙera shi a garin Coventry na Ingila. Ƙafar gaba ƙatuwa ce, takan kai kafaɗar mutum. Ta baya kuwa 'yar ƙarama ce. In mun gan su tare, sai mu ce kwabo da anini na dā.

Me ya sa haka? Keken nan ba shi da sarƙa. Feda a jikin ƙafar gaba take. In mahayi ya juya feda sau ɗaya, ƙafa ta juya sau ɗaya. Don haka mai son gudu sai ya nemi babbar ƙafa. Juyinta ɗaya kusan yadi biyar ne.

Amma fa akwai hatsari. Sirdi yana can sama. In ƙafa ta ci karo da dutse, sai mahayi ya faɗo da kā. Mutane da yawa sun karye, waɗansu har sun mutu.

A 1885 John Starley, ɗan ɗan'uwan James, ya fito da keke mai sarƙa. Sarƙa ta sa ƙaramar ƙafa tana gudu kamar babba. Sirdi ya sauko, mahayi yana iya taka ƙasa.

To, jama'a, mu riƙa wanke sarƙa, mu sa mata mai. Ita ce ta sauko da mu kusa da ƙasa.