Mu kula da pampo lokacin bazara



Bazara ta kama. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi yana wuce digiri 40 a Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai. Ruwa yana ƙaranci, ga bukata ta ƙaru. To, mai pampo a gida, ga abin da za ka yi.

Na ɗaya, duba bakin pampo. In yana ɗiga bayan ka rufe, tara kwalba mai cin litar 1. In ta cika cikin awa 1, dare da rana litar 24 ke nan, a wata litar 720. Kai za ka biya. Sau da yawa ƴar robar ciki ce ta cinye. Rufe ruwa daga wajen kwantar, sannan a canza ta.

Na biyu, tiyon roba ba ya son rana. Yana bushewa ya tsage. A binne shi cikin ƙasa.

Na uku, in an ɗauke ruwa, kar a bar pampo buɗe. Ruwa kan dawo cikin dare, ya malale tsakar gida kuna barci.

Na huɗu, ga ranar karatu. Da dare rufe kowane pampo, ka rubuta lambobin kwantar. Da asuba ka sake karantawa. In sun ƙaru, akwai wurin da tiyo ke yoyo. Kira mai gyara tun ruwa bai ci gindin bango ba.

Wanda ya ji, ya gaya ma maƙwabcinsa. Allah ya kai mu damina lahiya.