Gidan Rumfa, Mazaunin Sarakunan Kano

Yau za mu leƙa Gidan Rumfa, fadar Sarkin Kano, wadda ta haura shekara 500 sarakuna suna kwana suna tashi a cikinta.

Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya gina ta. Kafin ya hau gado yana riƙe da sarautar Makama, kuma gidan da ya zauna a lokacin shi ne Gidan Makama, inda ake adana kayan tarihi a yau. A zamaninsa Kano ta cika ta batse da fatake da malamai, har ya kafa Kasuwar Kurmi. Sai ya ɗauke fada daga tsohon gari na gindin Dala, ya faɗaɗa ganuwa ta kudu, ya yi sabon gida a fili mai yalwa. A nan aka fara busa kakaki, aka fito da figini da dawakin zage, aka kafa majalisar Tara ta Kano. A zamanin ne kuma Shehu Magili ya sauka a birnin, ya rubuta wa Rumfa littafi kan yadda sarki Musulmi zai tafiyar da mulki.

Gidan kansa gari ne guda. Ta arewa akwai Ƙofar Fatalwa, wadda ita ce tsohuwar mashiga. Ƙofar Kudu, wadda kowa ya sani yanzu, Sarki Abdullahi Maje Karofi ne ya gina ta a ƙarni na 19. Daga ƙofa sai soraye, inda ake zaman fada da shari'a da karɓar baƙi. Daga nan sai cikin gida, sashen iyalin sarki, inda jakadiya ke shiga da saƙo ta fito da amsa. Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama su ne manyan bayin sarki masu riƙe da ragamar gidan, kuma sau da yawa sai ta hannunsu ake ganin sarki.

To, masu sauraro, ga abin lura a tarihin wannan gida: duk wanda ya karɓi Kano, bai ga ta zama ba sai ya san matsayinsa da Gidan Rumfa. Da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kori Sarki Alwali, na ƙarshen sarakunan Haɓe, an ruwaito cewa Sarki Sulaimanu, wanda ya hau bayansa, bai tare a gidan nan take ba, don malaman jihadi suna gudun kada shigarsa ta maido da al'adun da suka yaƙa. Sai da aka nemi izinin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo sannan ya shiga. Magajinsa Ibrahim Dabo, wanda ya hau a 1819, ya ƙara da farfaɗo da tsofaffin sarautu da kayan sarauta, domin ya ga da su ne talakawa suka san sarki. Zuriyarsa ce ke kan gadon har yau.

Ranar 3 ga Fabrairun 1903 sojojin Ingila suka fasa ganuwa suka shiga Kano, Sarki Alu yana Sakkwato. Waɗansu bayin sarki sun tsaya a fada suka yi faɗa har suka rasa rayukansu. Turawa sun mamaye gidan na ɗan lokaci, amma da suka naɗa Sarki Abbas sai suka bar masa, suka koma bayan ganuwa wajen Nassarawa. Sun gane cewa mulkin da suke son yi ta hannun sarakuna ba zai yiwu ba in sarki ba ya gidansa. Daga baya, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka gina Soron Ingila, inda ake saukar manyan baƙi.

Ko a zamaninmu maganar ba ta sauya ba. A 2020 gwamnatin jiha ta sauke Muhammadu Sanusi na Biyu ta naɗa Aminu Ado Bayero. A watan Mayun 2024 wata gwamnatin ta maido da Sanusi, ya shiga Gidan Rumfa, Aminu kuma ya sauka a ƙaramar fada ta Nassarawa, magana ta tafi kotu. A waɗancan kwanaki, abin da mutanen gari suka fi tambaya shi ne wa ke cikin gidan.

Wanda kuma yake son ganin fadar a ranar da ta fi cika, ya je washegarin Sallah, ranar Hawan Daushe. Sarki kan je Babban Ɗaki, gidan uwar sarki, ya kai gaisuwa, sannan ya dawo Ƙofar Kudu, hakimai su zo ɗaya bayan ɗaya su yi jafi.