Harara-garke a Tandabawi: Abin da Tiyata ke Gyarawa da Abin da Ba Ta Iyawa

A Tandabawi, unguwar Makka da jikokin alhazan ƙasar Hausa suka daɗe da zama, ana yi wa babba mai harara-garke kallon da ake yi masa a Kano ko Maraɗi: haka Allah ya yi shi, lokacin magani ya wuce. Likitocin ido ba su yarda da wannan hukunci ba.

Tsoka 6 ke juya kowane ido. Idan jansu bai daidaita ba, ido ɗaya ya kauce, wani zuwa hanci, wani waje zuwa kunne. Wannan yana gyaruwa ko mutum ya yi furfura. Ƙaramar karkata, tabarau mai lanƙwasa haske kan ishe ta. In ta yi yawa sai tiyata: likita ya sassauta wata tsoka, ya ɗaure wata, ba tare da ya ciro idon ba kamar yadda ake tsoratar da mutane. Wasu likitocin kan bar ƙullin zaren a sake, su ƙarasa saitawa bayan mutum ya farfaɗo. Akwai kuma allurar Botox, wadda tun kafin masu kwalliya su san ta, Amurka ta amince da ita a 1989 domin wannan lalura, sai dai aikinta na watanni ne.

Inda gizo ke saƙa shi ne idon da ƙwaƙwalwa ta yi watsi da shi tun yarinta. Tiyata za ta miƙe shi, ba za ta ƙara masa gani ba. Rufe lafiyayyen ido don a tilasta wa mai raunin aiki ya fi amfani kafin shekara 7 ko 8. Ga babba, ribar kaɗan ce, kuma irin wannan ido kan sake kaucewa bayan aiki. Duk da haka, mai neman aure ko aiki ya san darajar a dube shi ido cikin ido.

Wanda kuwa idonsa ya karkace dare ɗaya, yana gani biyu-biyu, ya garzaya asibiti, domin ciwon suga, hawan jini ko shanyewar ɓarin jiki na iya zama sila.

Ƙwararru ba su yi ƙaranci a Saudiyya ba: ga asibitocin Magrabi da suka faro daga Jidda a 1955, ga asibitin ido na Sarki Khalid a Riyad. Shingen mutumin Tandabawi sau da yawa iƙama (takardar izinin zama) ce da inshora. Ɗan'uwansa na Kano ko Maraɗi kuwa yana da asibitin ido mai suna Makka, na gidauniyar Al-Basar ta Saudiyya.