Kalmar "reprehensible" da matsayin makaruhi a littattafan fiƙihu na Turanci

Ɗalibin da ke karanta fiƙihu cikin harshen Turanci ba ya daɗewa sai ya ci karo da kalmar "reprehensible". Ba kasafai ake jin ta a hirar yau da kullum ba. Ma'anarta ita ce abin da ya cancanci zargi. Asalinta daga Latin ne, daga "reprehendere", wato a kamo mutum a ja shi baya, daga nan ta ɗauki ma'anar tsawatarwa. Ta shiga Turanci tun ƙarni na 14.

Marubuta da dama, ciki har da Joseph Schacht a littafinsa na 1964 kan shari'ar Musulunci, sun yi amfani da ita a madadin makaruhi. A nan ne ake samun ruɗani. Turawa a yau suna ajiye wannan kalma ne don munanan ayyuka irin su cin amana da zaluntar marar ƙarfi, abubuwan da ake yi wa tofin Allah-tsine. Makaruhi kuwa, a wurin jumhurun malaman usulu, shi ne abin da ake ba da lada ga wanda ya bar shi don Allah, ba a kuma azabtar da wanda ya aikata shi. Misalinsa a mazhabar Malikiyya shi ne waiwaye kaɗan cikin salla, ko karanta Alƙur'ani a ruku'u. Malamanmu na zaure sun fassara shi da "abin ƙi", wanda ya fi kusa da manufa.

Sai dai kada a yi sakaci da makaruhi. Hanafiyya sun raba shi biyu: tanzihi mai sauƙi, da tahrimi wanda ya kusanci haram. Ibnul Ƙayyim ya bayyana a I'ilamul Muwaƙƙi'in cewa magabata kan ambaci ƙin abu alhali haramcinsa suke nufi, don tsantseni. A aya ta 38 ta Suratul Isra'i ma kalmar ta zo bayan ambaton zina da kisan kai.

Saboda haka, wanda ya ga wannan kalma a fassara ya nemi lafazin Larabcin da ke bayanta, ya san mazhabar marubucin da zamaninsa, kafin ya ɗora wa ɗan'uwansa ko iyalinsa laifin da shari'a ba ta ɗora musu ba. Allah Ya fahimtar da mu addininsa.