Tunkuzar Inabi

Duk wanda ya tashi a gidan da ake matsar man gyaɗa ya san cewa aiki ba ya ƙarewa da fitar mai. Bayan an soya gyaɗa, an niƙa, an yi ta juyawa a turmi har mai ya taso, akwai abin da ke saura a ƙasa, wato tunkuza. Babu macen da ta san ciwon kanta da za ta kai tunkuza juji. Daga ita ake yin ƙuli-ƙuli, daga ƙuli-ƙuli a samu yajin tsire da na kwaɗo. Sau da yawa ma kuɗin mai uwa kawai yake mayarwa, ribar tana cikin tunkuzar.

Irin wannan lissafi ne masana kimiyya suka koma yi a ƙasashen da ake matsar inabi don yin giya, musamman Italiya da Faransa da Sifaniya, waɗanda su ne kan gaba a duniya. Idan aka matse inabi, kusan kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na nauyinsa ne ke saura a matsayin tuƙa: ɓawo, 'ya'yan ciki da tsinkayen nono. A kowace kaka wannan tuƙa tana kai miliyoyin tan. Maganarmu a nan ba ta abin shan ba ce, ta wannan tulin saura ce, wanda idan aka jibge shi a fili yakan yi tsami, ya tara ƙudaje, ruwansa ya tsiyaye cikin rafuka ya ƙwace wa kifi iskar numfashi.

Tun da daɗewa ana cin wani amfani daga tuƙar. Ana tatsar mai daga 'ya'yan, ana yin taki, ana ciro sinadarin tsami da masu gashin burodi da kek ke amfani da shi. A garin Faenza na Italiya, kamfanin Caviro yana sarrafa irin wannan saura har ya samar da iskar gas ta makamashi. Amma sabon abin da ya ja hankalin masu bincike shi ne baurin da ke cikin ɓawon da 'ya'yan. Wannan bauri alama ce ta wasu sinadarai da ake kira folifenol, kuma suna da wata baiwa: idan suka haɗu da ƙarfe ko azurfa da aka narkar a ruwa, sai su mayar da shi ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, su kuma lulluɓe kowace ƙwaya don kada su yi saurin dunƙulewa.

Ana auna waɗannan ƙwayoyi da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Kaurin silin gashi ɗaya ya kai nanomita wajen 80,000, su kuwa ƙwayoyin yawanci ba su wuce 100 ba. Ƙanƙantar ita ce ƙarfinsu wajen tsabtace gurɓataccen ruwa, domin yawan farfashewar abu yana ƙara masa fuskokin da zai taɓa datti da su. Ƙwayoyin ƙarfe suna iya juya kuromiyam mai guba zuwa nau'in da bai kai shi illa ba, suna kuma karya launin rinin masaƙu. Na azurfa suna kashe ƙwayoyin cuta. Tuƙar da ta rage bayan an jiƙa ta an tace ruwan baurin kuwa, ana ƙona ta cikin ƙarancin iska ta zama gawayi mai ramuka da ke tsotse datti. Kamar dai mai ƙuli-ƙuli, ba a barin komai a turmi.

Dā can, hanyar da aka saba bi wajen ƙera ƙwayoyin ƙarfe tana buƙatar sinadari mai tsada da haɗari, mai saurin fitar da iskar da ke kama wuta. Yanzu ruwan zafi da tuƙa suna iya tsayawa a madadinsa. Wannan ya dace da ƙa'idoji 12 na haɗa sinadarai ba tare da cutar da muhalli ba, waɗanda Paul Anastas da John Warner suka shimfiɗa a 1998. A birnin Porto na Fotugal, masu bincike sun yi amfani da ruwan tuƙa da na ganyen inabi suka samar da irin waɗannan ƙwayoyi, suka gwada su a kan ƙasar da ragowar magani ya gurɓata.

Sai dai mai sana'a ta san cewa ba kowace gyaɗa ce ke ba da tunkuza iri ɗaya ba. Haka inabi: irinsa, ƙasar da ya fito da yanayin damina duk suna canza yawan baurinsa, don haka ƙwayoyin bana ba lallai su yi daidai da na bara ba. Yawancin nasarorin har yanzu a ɗakin gwaji suke. Sannan dole a kwashe ƙwayoyin daga ruwa bayan sun gama aiki, in ba haka ba maganin ya koma cuta. Shi ya sa ake son nau'in ƙarfen da maganaɗisu ke iya janyewa.

Wannan bincike ya shafe mu fiye da yadda muke zato. Kuromiyam ɗin da ake magana a kai, danginsa ne ke fita daga masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano, a ruwan da manoman rani ke ban ruwa da shi. Ba mu da tulin tuƙar inabi, amma muna da bagaruwa, wadda baurinta ne majema ke jima da shi tun kaka da kakanni. Ya kamata ɗalibanmu na kimiyyar sinadarai su ɗauki wannan aiki da gaske, su auna, su maimaita, har a samu hanyar da mai masana'anta zai iya biya, manomi kuma ya amince da ruwan da ke shiga gonarsa.